Shayin Tanimu

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kamar na shekarar da zan ba da labarinta. Sai dai zafin yanzu zafi ne da ake iya guje wa. Akwai fanka idan an kawo wuta, akwai ƙanƙara a bakin titi, ga ruwan leda ko'ina. A wancan lokaci, cikin shekarun hamsin, kafin Turawa su sauke tutarsu, wanda rana ta kama a Tudun Wadar Zariya sai dai ya jiƙa zane ya lulluɓa, idan ma ya sami ruwan jiƙawar.

Jikata Hajara ce ta tayar mini da zancen. Tana aiki a sashen talla na wani kamfanin sabulu. Shekaranjiya bayan la'asar tana zaune a gefen tabarmata tana ta latsa waya, na tambaye ta me take nema a ciki da azumi a bakinta. Ta nuna mini. Kwanakin wata guda ne aka yanka gida-gida a fuskar wayar, kowane gida da launinsa: wannan na rediyo, wancan na rabon kaya a kasuwa. Ta ce abokan aikinta na Legas da Kano duk abin da take gani shi suke gani, idan ta ja gida ɗaya da yatsa ta kai shi wata rana, nan take zai motsa a wayar kowa. Ta ƙara da cewa mu a zamaninmu ba mu da irin wannan. Na ce mata muna da shi, namu na katako ne, kuma ba ya jawuwa da yatsa.

Ni direba ne a lokacin, ina jan ƙaramar lorin wani kamfanin Turawa da ke son koya wa mutanenmu shan shayi da madarar gwangwani. Yaran yanzu za su yi dariya idan aka ce sai da aka roƙi Bazazzagi kafin ya sha shayi, amma haka aka yi. Koko muka sani, da kunu, da fura. Madarar kuwa, magana ta riga mu isa kowane ƙauye cewa nonon alade ne Turawa suka ɗura a gwangwani. Don haka tallanmu hanya ɗaya gare shi. Mu isa kasuwa, a kafa murhu, Yohanna, wani Kirista mutumin Wusasa mai sanyin hali, ya ɗora tukunya. Sankira, wato mai shelar tallanmu, ya hau bayan mota ya tara jama'a, ya huda gwangwani a gabansu, ya zuba a kofi, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya sha. Sai an ga maƙogwaronsa ya motsa sannan wani zai miƙo hannu.

Daga baya na yi tuƙi har Fort-Lamy ta Chadi da Hartum, na zauna a Kumasi, na yi shekaru a Jidda. A Sudan kusan da shayi ake yaye yaro, ba wanda ke jiran a lallashe shi. A Kumasi da ganga da 'yan rawa ake talla. Ban ga inda ciniki ya rataya a maƙogwaron mutum ɗaya ba sai a wurinmu.

Maƙogwaron nan na Malam Tanimu ne. Sankirori uku ne a kamfanin, shi da Ɗan'asabe da Lawal, amma waɗancan biyun yara ne a kansa. Dattijo ne dogo, gemunsa ya fara furfura, muryarsa kuwa idan ya sake ta a bakin tasha ana jin ta a Tudun Jukun. Shi ke tashin unguwarmu sahur, shi ke kiran salla a ƙaramin masallacinmu idan ladan bai ji daɗi ba. Abin da ya sa mutane ke karɓar kofi daga hannunsa ke nan: sun ga goshinsa, sun ga gemunsa, sun san irin wannan mutum ba zai sa haram a bakinsa ba.

A cikin kantin kamfanin akwai wani babban allo da aka shafa wa baƙin fenti, aka ja masa layuka. Ranaku a sama, kasuwanni a gefe, kowane gida da ƙusarsa. Kowannenmu yana da marfin kwalba da aka huda aka yi wa fenti: ja na Tanimu, rawaya na Ɗan'asabe, kore na Lawal, fari na tukunyar Yohanna, baƙi na motata. Ko wanda bai yi boko ba ya kalli allon ya san inda zai kwana. Kowace Litinin da safe mukan taru a gabansa a rataya marafa. Mota ɗaya ce, tukunya ɗaya, saboda haka sankiran da marfinsa ke kan kasuwa shi ke bin mu, ɗaya ya yi gaba a kan keke ya sanar da sarkin kasuwar da ke tafe, ɗaya ya huta. Doka ɗaya ce a kan allon: idan an rataya marfi ba ya motsawa sai kowa ya yarda, domin idan naka ya matsa, hutun wani ne ya rushe. Dokar tana da kyau. Ita ta hana mu faɗa shekara da shekaru.

Mai riƙe da allon shi ne akawu, Malam Bawa, matashi da ya gama Midil, kullum da fensir a bayan kunne. Tsakaninsa da Tanimu akwai tsohon tabo. Ranar da aka kawo shi aiki, Tanimu ya yi masa kirari a gaban jama'a, irin na sankirori da ke jero iyaye da kakanni, ya kira shi ɗan mai jakunan kanwa. Gaskiya ce, kuma yabo ya nufa. Amma kasuwa ta yi dariya, leburori suka riƙa kukan jaki idan ya wuce. Malam Bawa ya haɗiye abin, ya ajiye shi a ransa.

Damunar da ta gabaci azumin nan ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke dawa na fitar da kai, kafin bazara rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye. Rijiyoyin unguwa suka koma laka, mata na bin layin famfo tun asuba, su dawo da rabin tulu da faɗa a bakinsu. Da hantsi kwalta ta fara laushi, da azahar ƙarfen motata ba ya taɓuwa sai da tsumma. Sahur ɗumamen tuwon jiya ne ga mai shi, buɗa-baki kunun tsamiya tsararo da ƙosai ƙanana kamar idon kaza. Mangwaro kaɗai ya yi albarka, shi yara ke tsotsa har ƙwallon ya yi fari. Duk da haka al'adar unguwa ba ta tsaya ba: rana na sunkuyawa za ka ga kwanoni na yawo gida-gida, kowa ya aika wa maƙwabci da ɗan abin da ya dafa, ko cokali biyu ne. Gidan Tanimu na cikin masu nauyi, domin bayan nasa iyalin yana riƙe da tsohuwarsa da marayun ƙanensa.

Kamfani bai san azumi ba, allo bai tsaya ba. Tun da ba mai ɗanɗanawa da rana, sai aka ce mu riƙa raba ƙullin ganye da ƙaramin gwangwani kowa ya kai gida. A makon farko muka gano inda kyautarmu ke ƙarewa: ganyen a bakin awaki, gwangwanin a kwata. Mutane ba su ga kowa ya sha ba.

Tanimu ne da kansa ya kawo dabara. Ya tambayi liman, aka tabbatar masa matafiyi mai nisan zango yana iya ajiye azumi ya rama. Sai ya riƙa rataya jan marfinsa a kan kasuwanni masu nisa, wajen Kauru da Lere, waɗanda yaran nan biyu ba sa so saboda hanya. A can zai hau mota ya ce wa jama'a shi baƙo ne daga Zariya, Allah ya yi masa rangwamen tafiya, su kuwa su yi haƙuri rana ta faɗi. Sannan ya yi bisimilla ya sha a hankali. Ka ga kasuwa guda ta yi tsit, leɓɓa a bushe, idanu na bin kofi. Ba wanda ya ƙara jefar da gwangwani. Labarin ya kai Kaduna, inda manyan kamfanin suke.

Ana cikin goman ƙarshe Malam Bawa ya sanar da mu abu biyu a taron Litinin. Na farko, kamfani ya sayo mota mai lasifika, bayan Salla sankira ɗaya kawai za a riƙe ya zauna a cikinta. Na biyu, Baturen kamfani zai zo da kansa ya ga aiki a kasuwar Tudun Wada, cin kasuwa na ƙarshe kafin Salla, da tsakar rana, domin zai koma a jirgin yamma. Daga nan ya ɗauki jan marfi ya rataya a kan ƙusar Tudun Wada. Ya ce abin da Bature ya ji labari shi yake son gani, wato shan.

Tanimu ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

"Akawu, daga kasuwar nan ana hango rimin ƙofar gidana. Wace tafiya zan ce na yi?"

"Ka zagaya ta Kwangila ka dawo, Baba, sai ta yi tsawo."

Yohanna ya ce shi ba azumi yake ba, a ba shi kofin ya sha ko tukunyar gaba ɗaya. Malam Bawa ya dube shi ya ce wa zai yarda da madara don ɗan Wusasa ya sha, shi da ko alade aka ce ya ci ba wanda zai musa. Yohanna ya sunkuyar da kai. Na san maganar ta shige shi.

Sai Tanimu ya roƙi a matsar da marfin zuwa kasuwar bayan Salla, Bature ya zo a lokacin. Malam Bawa ya buɗe hannuwa ya ce shi ba shi da ta cewa, allo na kowa ne, idan kowa ya yarda yanzun nan zai cire. Ni da Yohanna muka yarda. Amma matsar da shi na nufin hutun Sallar Ɗan'asabe da Lawal ya tashi. Ɗan'asabe ya ce ya riga ya aika wa iyayensa a Soba yana tafe. Lawal ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa, sannan ya ce tun da aka kafa allon nan ba a taɓa canza shi don mutum ɗaya ba. Ba wanda ya ambaci kujerar lasifika, amma kowa ita yake gani. Tanimu shi ya koya wa su biyun yadda ake ɗaga murya ba tare da maƙogwaro ya tsage ba. Ya kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗago. A ranar aka aika wa Kaduna da tsarin, abin da ya tafi Kaduna kuwa ba ya dawowa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi zafi da na sani. Kowace yamma hadari zai taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, mata su fito da tuluna da kwatarniya, sai ya watse ya bar gari kamar cikin tanda. Tanimu ya koma wurin liman, liman ya ce a nan babu hanya. Ana gobe kasuwa na same shi zaune a inuwar motata yana sassaƙa tsinke. Na ce masa ya kwanta ya ce ba shi da lafiya. Ya ce to sai rawaya ko kore ya hau ƙusar, shi kuma ya koma gida ya gaya wa tsohuwarsa da marayu su ci me? Ya ce tun shekaranjiya rama ake dafawa a gidansa da ɗan ƙuli-ƙuli, babu tsaba. Ya ce Allah ya san abin da ke cikin tukunyarsa. Na ce Allah ya sani, mutanen Tudun Wada fa? Ya ci gaba da sassaƙa tsinkensa.

Ranar kasuwa Bature ya zo da malafa, fuskarsa ta yi ja kamar gauta, aka kafa masa kujera da laima. Yohanna ya yi ta jan lokaci wajen hura wuta, yana cewa itacen ɗanye ne, itacen da ya bushe har yana karyewa a hannu. Malam Bawa ya nuna masa agogo. Tukunya ta tafasa, ƙamshin shayi ya bi kasuwar da ba wanda ya sa ko ruwa a baki tun asuba.

Tanimu ya hau bayan mota. Ban taɓa jin ya yi kira kamar na ranar ba. Mahauta suka bar nama, masu tsaba suka bar mudu. Waɗanda suka taru ba baƙi ba ne: maƙwabtansa ne, da surukansa, da mutanen da shi ya tashe su sahur a safiyar nan. Sun ɗauka kyauta za a raba. Ya yabi ganyen, ya yabi madarar, ya ɗaga gwangwani ya huda, ya zuba. Sai ya tsaya da kofin a hannu, yana kallon wajen rimin gidansa. Bai ce shi matafiyi ba ne. Bai yi bisimilla ba, kowa kuma ya lura. Ya kai kofin baki ya shanye.

Wata tsohuwa mai daddawa, wadda ta san shi tun yana yaro, ita ta fara magana, a hankali.

"Tanimu, da rana?"

Daga nan wani ya tofar da yawu. Ƙwallon mangwaro ya same shi a kafaɗa, wani ya bugi gilashin motata. Hayaniya ta tashi. Bature ya tambayi akawu me ke faruwa. Turancina a lokacin ya isa in ji amsar: Malam Bawa ya ce masa mamaki suke, shayin ya yi daɗin da mutum ya kasa jiran magariba. Bature ya tafa hannu, ya ce wannan shi ne talla. Muka tura Tanimu gaban mota, na ja muka fita ta bayan rumfunan mahauta.

A yammacin nan ruwan farko ya sauka. Ana saura kaɗan a sha ruwa iska ta juya, ƙasa ta saki ƙamshinta, yara suka fito tsirara suna tsalle, mata na tarar ruwan indararo suna guɗa. Duk unguwa murna. Kwanonin buɗa-baki suka yi yawonsu a ƙarƙashin faifai kamar kullum, amma aka tsallake ƙofa ɗaya. Matar Tanimu ta aika da ramarta gidaje, aka dawo mata da ita a rufe yadda ta tafi. Matata ce kaɗai ta kai musu kunu, ta dawo ta ce tsohuwar na zaune a tsakar gida ruwa na dukanta, ta ƙi shiga ɗaki. Da asuba wata murya ce ta tashe mu sahur.

Mai unguwa ya je kanti da dattawa ya kai ƙara. Malam Bawa ya karɓe su da ladabi, ya durƙusa har ƙasa, ya kai su gaban allo. Ya ce su duba da kansu, allo yana nuna inda mutum zai je, ba ya nuna abin da zai haɗiya. Kamfani bai taɓa cewa kowa ya karya azumi ba, kwaɗayin tsoho ne. Da maganar ta kai Kaduna, Bature ya ce kamfani ba ya son rigima da addinin kowa, a sallami mutumin. Litinin ta gaba, a gabanmu duka, Malam Bawa ya zare jan marfi ya wurga shi waje ta ƙofa, ya faɗa cikin taɓo. Tanimu bai zo ba. Ɗan'asabe ya sami kujerar lasifika. Lawal ma aka sallame shi kafin watan Salla ya ƙare.

Abin da ban manta ba shi ne cinikin. Kafin ranar Salla ganyen shayi ya ƙare a kantinmu kakaf. Mutanen da suka jefe shi su ne suka zo saye, suna murmushi, suna cewa a ba su irin wanda Tanimu ya kasa haƙuri a kansa. Daga nan sunan ya bi shi. Shekaru da yawa a Tudun Wada idan aka aiki yaro kanti sai a ce ya sayo shayin Tanimu, har waɗanda ba su san ko wane ne ba. Malam Bawa aka ƙara masa girma aka mayar da shi Kaduna.

Tanimu ya yi kaffara, wata biyu a jere, a tsakiyar damina, yana ƙwadago a gonakin mutane wajen Tudun Jukun. Aikin da mai ƙoshi ke kuka da shi, shi da azumi yake yi. Wata rana ina dawowa daga kasuwa na hango shi a cikin kunya, yayyafi na sauka a bayansa, ƙasusuwan haƙarƙarinsa a waje. Na tsayar da mota na sauka, na yi masa sannu da aiki, na ce ya shigo in rage masa hanya. Bai saki fartanya ba.

"Ka wuce, Mamman. Allo na jiranka."

Na bar kamfanin shekarar da ta biyo baya na shiga duniya. Duk sanda na zo gida nakan gan shi a masallaci, a sahun ƙarshe kusa da takalma, yana fita kafin a shafa addu'a. Idan ka gaishe shi da hannu yake amsawa, ko da murya ƙasa-ƙasa wadda sai ka matso za ka ji. Ina Kumasi aka gaya mini ya rasu.

Da aka kira magariba shekaranjiya, Hajara ta ajiye wayarta ta kawo mini dabino da kofi, da madara a ciki, ba tare da ta tambaye ni ba, domin haka ake yi a kowane gida yanzu. Daga azumin waccan shekara shayi ya shiga buɗa-bakin Tudun Wada bai ƙara fita ba, muryar Tanimu kuwa ba a sake jin ta ba, ko a kasuwa ko a masallaci.